Tambayoyinku: tim ɗinmu ya rikice, me ya kamata mu saya, me ya kamata mu bari?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka taru kusan duk gefe ɗaya suka karkata, mutane sun haɗu suna aiki tare, abu ya fara tsami, sai tambaya ta koma wai me za mu saya ko wa za mu ɗauko ya gyara mana. Na zaɓo guda shida, na taƙaita wasu saboda tsawo.

Tambaya ta farko: "Malam barka da aiki. Mu bakwai ne muka haɗa ɗan kamfani na sayar da kaya ta intanet. Watannin farko lafiya lau, kowa na dariya, amma yanzu ko mitin aka kira sai an tashi rai a ɓace, biyu daga cikinmu ma ba sa magana da juna sai ta bakin wani. Akwai wani mai horar da ma'aikata da ya ce mu biya shi ya kai mu wani wuri kwana biyu a yi wasannin haɗa kai, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Mu biya ko mu bari?"

Ɗan'uwa ka riƙe kuɗinku tukuna, bari in fara kwantar maka da hankali, abin da ke faruwa da ku ba alamar rugujewa ba ne, kusan duk mutanen da suka haɗu kan aiki ɗaya sai sun bi ta nan. A 1965 wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, Bruce Tuckman, ya zauna ya duba rubuce-rubucen bincike wajen 50 kan ƙananan rukunonin mutane, sai ya lura akwai wani zubi da ke ta maimaituwa. Da farko mutane na haɗuwa suna ɗari-ɗari, kowa na auna kowa. Daga nan sai rikici. Bayan rikicin sai a daidaita a kan ƙa'idojin zama, sannan sai aiki ya fara gudu yadda ya kamata. A 1977 shi da Mary Ann Jensen suka ƙara mataki na biyar, wato rabuwa idan aiki ya ƙare.

To waɗancan watannin farko da kake kewa, ba fahimtar juna ba ce kuka yi, kunyar juna ce kuke ji. Ka tuna yadda mitin ɗinku yake a lokacin, wani ya kawo shawara, kowa ya ce "ba laifi, hakan ma ya yi", alhali mutum biyu a ransu ba su yarda ba amma ba wanda yake so ya zama na farkon ɓata fuska. Duk wannan "ba laifi" ɗin bashi ne ake tarawa, kuma yanzu ne lokacin biya ya zo. Zo mu zauna zo mu saɓa ne kawai.

Kuma in ka zauna ka tsefe faɗan naku da kyau, ina da yaƙinin za ka samu bai wuce abu uku ba. Wa ke da maganar ƙarshe idan aka kasa yarda? Wane aiki ne a wuyan wa, ta yadda in ya lalace an san wanda za a tambaya? Sannan me ake nufi in an ce an gama aiki, don wani a wurinsa in ya tura kaya ya gama, wani kuma sai mai saye ya ce ya karɓa lafiya. Mutum biyun nan da ba sa magana, ka bincika, da wuya a ce tsanar juna suka yi haka kawai, mai yiwuwa duk su biyun kowa na ganin shi ne mai kula da abu ɗaya, ɗaya ya yanke hukunci ɗaya ya warware, sau uku sau huɗu sai abin ya koma gaba. Yanzu ka gaya min wane wasa ne na kwana biyu zai amsa waɗannan tambayoyin? Za ku je ku yi dariya ku ɗauki hotuna, ranar da kuka dawo aiki tambayar wa ke yanke hukunci tana nan zaune tana jiranku.

Ban ce kawo mutum daga waje ba shi da amfani ba, yana da shi sosai, musamman in abin ya kai ba wani a cikinku da kowa ya yarda da adalcinsa. Amma abin da za ku saya shi ne mai shiga tsakani, ba mai shirya wasa ba. Kafin ku ba shi ko sisi ku tambaye shi, zai gana da kowannenku shi kaɗai kafin zaman? A ƙarshen zaman me za mu fita da shi a rubuce? Zai dawo bayan wata guda ya ga ko mun bi abin da muka rubuta? In ya amsa waɗannan da gamsarwa, a nan kuɗin ya cancanta. In kuwa duk maganarsa ta tsaya kan kyawun wurin da irin wasannin, ku yi masa godiya ku wuce.

Kafin nan ma ku gwada da kanku, zama ɗaya na awa biyu, waya a ajiye, kowa ya rubuta a takarda ayyukan da yake ganin nasa ne, sai a baje takardun a tebur. Inda sunaye biyu suka hau aiki ɗaya nan ne wutar take, inda ba sunan kowa kuma nan ne abubuwa ke zubewa ana ɗora wa juna laifi. Kuma a sa doka ɗaya, a soki aiki kar a soki mutum. "Kayan nan sun makara kwana uku" magana ce da za a iya gyarawa, "kai dama ba ka da kula" kuwa ba abin da za ta haifar sai ramuwa.

Abu ɗaya da nake so ka sani kuma, kar ka ɗauki matakan nan na Tuckman kamar tsani da dole a taka ɗaya bayan ɗaya. Yawancin binciken da Tuckman ya duba na rukunonin jinya ne da na horaswa, ba kamfanoni ba, kuma a zahiri tim kan ci gaba ya dawo baya, wani ya daɗe a wuri ɗaya. Amfaninsu dai su ba ka sunan abin da kake ciki don kar ka firgita ka kashe kuɗi a inda ba ciwon yake ba.

Tambaya ta biyu: "Malam mu biyar ne, duk aikinmu a guruf ɗin WhatsApp yake, saƙo na ɓacewa a cikin hira, sai a ce an faɗa wani ya ce bai gani ba. Ina so in biya mana manhajar tsara aiki irin su Trello ko Asana ko Slack, na ga in an biya na shekara ɗaya ya fi sauƙi. Wacce ta fi?"

'Yar'uwa matsalar da kika faɗa gaskiya ce, guruf ɗin hira ba wurin ajiye aiki ba ne, saƙo mai muhimmanci yana shiga tsakanin gaisuwa da sitika ya nutse. Amma kar ki biya na shekara yanzu. Manhaja ba ta ƙirƙirar yarjejeniya, ajiye wadda aka riga aka yi kawai take yi. In ba ku riga kun yarda a tsakaninku cewa duk aiki sai yana da mai shi da ranar gamawa ba, to a manhajar ma haka za a bar shi ba mai shi, kuma bayan sati uku za ki ga ke kaɗai ke shiga kina jan katuna daga nan zuwa can, sauran sun koma guruf.

Ki fara da abin da ba a biya. Ki buɗe shafi ɗaya a Google Sheets, layi huɗu kacal: aikin, mai shi, ranar gamawa, inda aka kwana. Ku yi wata guda a kai. In mutum huɗu cikin biyar suna shiga suna gyarawa da kansu ba sai kin bi su ba, to kun daidaita, kun kai matsayin da manhaja za ta ƙara muku gudu. Su ukun da kika lissafa duk suna da tsarin kyauta da za ki gwada. Trello ta fi sauƙi ga wanda bai saba ba don katuna ne kawai ake matsarwa, Asana ta fi dacewa in ayyukan suna da rassa da yawa wani na jiran wani, Slack kuwa ita asali ta hira ce mai ɗakuna, kuma a tsarinta na kyauta saƙonnin da suka wuce kwana 90 ba kya ganinsu, don haka ba za ta magance miki ɓacewar saƙo ba ita kaɗai. Ranar da za ki biya, ki lura yawancinsu kuɗin kan kowane mutum ne, in kun ƙaru kuɗin ya ƙaru, ki duba ko za ki iya kwashe bayananku in kuna son barin ta, ki gwada ta a waya ba a kwamfuta kaɗai ba, sannan ki fara da biyan wata-wata ko da ya ɗan fi tsada.

Tambaya ta uku: "Ranka ya daɗe, ni ne shugaban wani aiki na wata shida, mu shida ne, yanzu mun kai rabi amma abin da muka yi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Oga ya ba ni zaɓi, ko a ƙaro min mutum uku, ko a ɗauko wani gwani daga wani kamfani da albashi mai tsoka. Wanne zan ɗauka?"

Malam wannan tambayar ta fi sauran nauyi, don duk zaɓin biyu suna da tarko iri ɗaya. Duk sanda sabon mutum ya shigo tim, ba tsohon tim ɗin ba ne da ƙarin hannu, sabon tim ne, a koma ɗari-ɗari, a sake jan igiya kan wa ke da iko da me, a sake daidaitawa. Kai kuma wata uku ya rage maka.

Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani katafaren aikin manhajar kwamfuta a kamfanin IBM a shekarun 1960, ya rubuta a 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya riga ya makara ƙara makarar da shi yake yi. Dalilin a fili yake, sababbin sai an koya musu, kuma masu koya musun su ne dai tsofaffin da suka fi kowa aiki, sannan hanyoyin magana suna ninkuwa. Ka lissafa da kanka, mutum 6 in kowa zai yi magana da kowa hanyoyi 15 ne, in kuka zama 9 sun koma 36. Akwai kuma abin da wani injiniyan noma Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa tun 1913, ya sa mutane jan igiya, ya ga duk yadda aka ƙara yawansu ƙarfin da kowane mutum ɗaya ke sawa raguwa yake yi. Ƙarin hannu yana amfani ne kawai in aikin na rabuwa gida-gida ba tare da sai an yi ta tuntuɓar juna ba, kamar shigar da bayanai ko tattara kaya. In aikin tunani ne da ke sarƙe da juna, mutum uku a wannan lokacin nauyi ne.

Shi kuma gwani, ka yi hattara da zaton cewa gwanintarsa duk a kansa take. Boris Groysberg na jami'ar Harvard ya bi diddigin fitattun masu nazarin hannun jari a Amurka sama da 1,000, ya ga waɗanda suka sauya kamfani yawanci aikinsu ya ja baya na tsawon shekaru, waɗanda suka tafi tare da abokan aikinsu kuwa ba su sha wannan faɗuwar sosai ba. Wato wani kaso na ƙwarewar yana cikin mutanen da suka saba da shi ne, wanda ya san abin da yake nufi tun bai ƙarasa magana ba. Ko a jirgin sama haka ne, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da nazari a 1994 kan manyan haɗurran da suka shafi kuskuren matuƙa daga 1978 zuwa 1990, a cikin waɗanda aka samu bayanansu kashi 73 cikin 100 sun faru ne a ranar farko da matuƙin da mataimakinsa suka fara aiki tare. Kuma duk ƙwararru ne fa, sabo da juna ne babu.

Ga abin da zai ɗan faranta maka rai. Connie Gersick ta bi wasu rukunonin aiki takwas masu wa'adi, ta wallafa sakamakon a 1988, ta ga kusan dukkansu sukan yi ta tafiya a kan tsarin da suka ɗauka tun zaman farko, har sai an kai daidai rabin lokacin, a nan ne hankali ke tashi su watsar da tsohon tsari su ɗauki sabo, kuma yawancin aikin kirki bayan nan ake yinsa. To kai yanzu a daidai wannan gaɓar kake. Shawarata, ka tara mutanenka ka ce musu rabi ya tafi ga inda muke, me za mu yanke daga aikin, me ke cin lokacinmu a banza, wa ke jiran wa. Ka koma wa oga da wannan, ka roƙi a rage faɗin aikin ko a sauke wa mutanenka wasu ayyukan gefe. In dole sai an ƙaro wani, ka ɗauki mutum ɗaya a kan giɓi ɗaya takamaimai da ba wanda ya iya a cikinku, a ba shi aiki mai iyaka, kuma in da hali a samo wanda ya taɓa aiki da wasu daga cikinku.

Tambaya ta huɗu: "Malam ana tallata mana gwajin gane hali, irin wanda ake raba mutane gida 16, wai zai sa mu fahimci juna. Mu saya wa kowa?"

Wannan shi ne na Myers-Briggs, wata uwa da 'yarta suka tsara shi tun shekarun 1940. Yana da daɗin tayar da hira, amma mutum ɗaya kan yi shi yau ya faɗa wani gida, bayan 'yan makonni ya sake ya faɗa wani, don haka kar ku raba aiki ko ku ɗauki ma'aikaci da shi. Abin da ya fi damuna da shi yadda yake zama mafaka, "ai ni haka halina yake". Maimakon ku saya, kowa ya rubuta rabin shafi, yaushe nake fi iya aiki, ta yaya nake so a gaya min kuskurena, me ke ɓata min rai da sauri, ku karanta wa juna. Wannan kyauta ne kuma ya fi kusa da gaskiya.

Tambaya ta biyar: "Malam ni manaja ce, ina da rukuni biyu a ƙarƙashina, kuma kyautar ƙarshen shekara guda ɗaya ce. Rukunin farko kullum cikin gardama suke, rahotonsu cike da kurakuran da suka yi. Na biyu shiru, ba faɗa ba ƙorafi, ban taɓa jin sun kawo matsala ba. Zuciyata ta fi karkata ga na biyu, ya ka gani?"

Hajiya ki dakata da zuciyar nan ki ƙara dubawa. Amy Edmondson, ita ma ta Harvard, a shekarun 1990 ta yi bincike kan kuskuren ba da magani a asibitoci tana zaton rukunonin da suka fi haɗin kai su ne za su fi ƙarancin kuskure, sai alƙaluma suka nuna su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka ƙara bincike sai ta gane ba wai sun fi yin kuskuren ba ne, sun fi faɗa ne in sun yi, saboda ba sa tsoron a ci musu fuska. Kamfanin Google ma da ya fara nazarin rukunoninsa 180 a 2012, abin da ya fito a sama shi ne wannan, mutum ya iya buɗe baki ya ce ban gane ba, ko na yi kuskure, ko ban yarda ba, ba tare da fargaba ba.

Shiru kala biyu ne. Akwai na waɗanda suka riga suka yi faɗansu suka gama, kowa ya san layinsa, aiki na tafiya ba sai an yi ta magana ba. Akwai kuma na waɗanda har yau ba su wuce ɗari-ɗarin farko ba, ko suna tsoron wani a cikinsu. Gane bambancin ba wuya, ki shiga mitin ɗinsu sau biyu ki zauna gefe. Mutum nawa ne suka yi magana? In shugabansu ya gama bayani ya ce akwai tambaya, sai kowa ya sunkuyar da kai yana duba waya, ana tashi kuma ki ga mutum biyu-biyu a bakin ƙofa suna ƙus-ƙus, to ainihin mitin ɗin a bakin ƙofar ake yinsa. Ki tambayi ƙaramin cikinsu yaushe rabon da ya ce wa shugabansa bai yarda ba. Kyautar dai ki ba da ita a kan sakamakon aiki, abin da aka gama da ingancinsa, don in kika ba wa shiru lada, rukunin farko za su koyi darasi nan take cewa ɓoye kuskure ya fi riba, kuma wannan asarar ta fi kyautar tsada nesa ba kusa ba.

Tambaya ta ƙarshe: "Malam aikin da muka yi shekara biyu muna yi zai ƙare wata mai zuwa, kowa zai kama gabansa. Akwai ɗan kuɗin da ya rage, wasu na cewa a yi taron ban kwana, wasu na cewa a raba kowa ya ɗauki nasa. Kuma gaskiya jikin kowa ya yi sanyi, aiki ma ba ya tafiya."

Ɗan'uwa sanyin jikin nan daidai ne, mutanen da suka sha wahala tare har suka saba rabuwa na taɓa su, wasu kuma hankalinsu ya riga ya tafi neman abin yi na gaba, kar ka ɗauke shi a lalaci. Ku yi taron amma ƙarami, abin da ya saura a raba. Sai dai kafin taron akwai abubuwan da suka fi shi muhimmanci kuma ba sa cin kuɗi. Ku zauna ku rubuta shafi biyu, me ya yi mana aiki, me za mu canza da za mu sake, don bayan wata uku ba wanda zai tuna dalla-dalla. Shugaba ya rubuta wa kowa takardar shaida da ta ambaci takamaiman abin da ya yi, ba yabo na gama-gari ba. A fitar da jerin ragowar ayyuka na watan nan da sunan mai kowanne, a rage su zuwa waɗanda dole ne. Sannan a sa mutum ɗaya ya bi duk manhajojin da kuke biya wata-wata ya dakatar da su bayan an kwashe fayiloli an ajiye a wuri ɗaya, a miƙa makullan shiga ga wanda zai gaji aikin, a kuma rubuta wanda za a kira in tambaya ta taso bayan kun watse.